Kanwar da Aka Daka a Turmin Aro

Ni 'yar Jibiya ce, kuma da kanwa aka raine mu. Mahaifinmu ita ya yi ta saye da sayarwa har Allah ya karɓi ransa, Yayana ya gaji rumfar. Tana nan a bakin titin da ya miƙe zuwa Magama, inda manyan motocin Nijar ke sauke kaya bayan sun gama da 'yan duwan na can da kwastan na nan. Ungurnu, jar kanwa, farar kanwa, tun ban kai tsawon buhu ba na san su da ido, na san su da harshe. Da wani ya ce mani wata rana kanwa ce za ta zubar mani da mutunci, da na ce ya je a duba mashi kai.

Na karanta kimiyyar sinadarai, na sami aiki a wata jami'a, ba zan faɗi wacce ba. Amma ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar lab ce, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma wanda bai zauna jami'a ba ba zai gane nisan da ke tsakanin biyun ba. Mu ne masu auna sinadari, mu haɗa, mu tsaya a kan wuta, mu tace, mu wanke kwalabe, mu rubuta abin da ya fito a littafi. Sai malami ya zo ya ɗauki littafin ya shige ofis mai sanyi, bayan wata shida ka ga takarda ta fito a mujallar kimiyya da sunansa da na abokansa. Shekara goma sha tara ina wannan bautar. Abu ɗaya nake so a aikin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa: sunana ya fito a kan takarda ɗaya tak a mujalla ta ƙwarai. Da ita zan nemi gurbin digiri na uku, in haye ɓangaren malamai, in daina zama "ke, zo ki wanke wannan."

Shugaban sashenmu Farfesa ne. To, haka dai aka rubuta a ƙofarsa. Rabon mutumin nan da ya riƙe kwalbar gwaji tun kafin in yi aure. Da babbar riga yake shigowa lab, hannuwanta suna sharar benci, ni kuma ina biye ina janye kwalabe kada ya kifar mana da asid a ƙafa. In ya buɗe baki, sunayen ƙasashen da ya je taro ne. Ka tambaye shi me aka tattauna a taron, sai ya ba ka labarin otal. Yana da wasu ƙananan malamai biyu da ban san masu wani aiki ba sai gyaɗa kai. Tun bai ƙarasa magana ba sun fara gyaɗawa, wallahi wata rana tari ya yi suka gyaɗa.

Aikin da muke yi a lab ɗin, in an cire mashi Turanci, ba wani abin tsoro ba ne. Magunguna da yawa da ake sha a asibiti gini ne na kabon, kuma ba a samunsu a dunƙule. Sai an ɗauko gutsure nan, gutsure can, an haɗa. Matsalar ita ce gutsattsarin ba sa son juna. Ka zuba su a kwalba ɗaya ka dafa har gobe, kowa yana gefensa. Sai an sa masu wani ƙarfe mai tsadar tsiya da ake kira faladiyam. Shi dillali ne. Ya kamo hannun wannan, ya kamo na wancan, ya ƙulla su, ya fita abinsa ba abin da ya ragu a jikinsa, ya koma ya kamo wasu. Ana kuma ƙara gishirin soda a kwalbar don aikin ya tafi. Shekara da shekaru masana a duniya suna ta kokawar rage dillalin nan. Wasu sun koma nikel, wasu tagulla, wasu suna dafawa a ruwa zalla maimakon mayuka masu guba, wasu suna haska wa kwalbar fitila. Sun rage faladiyam har ya kai ɗan abin da ido ba ya gani, kuma yana aikinsa. Duk wanda ya ce ya yi haɗin babu ƙarfen ko kaɗan, duniya za ta juyo ta dube shi. An sha yin wannan iƙirarin, an kuma sha jin kunya, don daga baya sai a gano ƙurar ƙarfen ce ta maƙale a tsohuwar kwalba ko ta ɓuya a cikin sodar kanta. Duk mai wanke kwalabe ya san wannan. Farfesa ne ban tabbata ya sani ba.

Wani zango soda ta ƙare mana a sito. Aka rubuta takardar neman wata, takardar ta shiga ofis ta kwanta. Ɗalibai suna jira. Ni kuwa ina da garin kanwa a gida, Yaya ne ke aiko mani da shi a dake, don ya san ba ni da lokacin daka. Kanwa ai 'yar'uwar soda ce. Na ɗebo a leda na kawo lab, na zuba a kwalaben a madadin soda.

A ƙa'idar aikin, kullum ana ajiye kwalba ɗaya da ba a sa mata faladiyam ba, don ta zama shaida cewa in babu shi ba abin da ke faruwa. Washegari na duba, sai ga kwalbar shaida ta yi haɗi. Fari tas, yana ƙyalli a gindin kwalba. Na ce to, ni na yi kuskure, wataƙila hannuna ya zame. Na sake da sabuwar kwalba daga kwali, da sabon ɗan maganaɗisun da ke juya ruwan. Ta sake yi. Sai da na yi sau biyar kafin in je ofishin Farfesa in gaya mashi.

Ranar ce na fara ganin Farfesa yana gudu. Ya tsaya a kan kwalbar yana kallonta, ya ma rasa ta inda ake riƙe ta. Kafin la'asar abin ya zama "binciken da na daɗe ina yi a kan albarkatun ƙasarmu." Masu gyaɗa kai suka gyaɗa.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na sayo kanwa a kasuwar birnin da muke, na gwada, ba ta yi komai ba. Farfesa ya ce ai shi ke nan, wannan ya nuna ta Jibiya ta daban ce. Yaya ya aiko da wani garin, ya yi aiki da ƙarfi. Ya aiko da wani, ya yi kaɗan. Farfesa ya ce yanayi ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu aika da samfur inda suke da injin gano ƙarfe, a duba mana ko akwai wani abu a ciki."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, ke dai ki auna ki rubuta. Tunanin namu ne."

Ya ga na ɓata fuska, sai ya sassauta. Ya ce zai sa sunana a takardar. Na biyar, bayan shi, da shugaban tsangaya wanda bai san ƙofar lab ɗin ba, da masu gyaɗa kai biyu. Na bar maganar injin. Zan faɗi gaskiya, na bar ta ne don ina son sunan nan ya fito. Na ce wa kaina, ina kanwar da aka haƙo a hamada za ta haɗu da faladiyam? Na rarrashi kaina da wannan tambayar har aka aika da takardar.

Masu mujallar suka amsa, suka ce abin ya burge su, amma a bayyana masu daga ina kanwar take, yadda ake sarrafa ta, a haɗo da hotuna. Farfesa ba zai je Jibiya ba, ya ce hanyar ba tsaro. Ni da rayuwata ba ta da nauyin tasa aka tura.

Ranar Lahadi na isa, ranar kasuwa, da hantsi. Titin boda cike da 'yan acaɓa da jarkoki da masu canjin sefa suna kaɗa takardu a fuskar mutane. Yaya yana kan tabarma a rumfa yana auna wa wata tsohuwa. Shi bai yi boko ba, allo ya yi, kuma a gidanmu shi ya fi kowa alfahari da karatuna.

"Auta! Ke ce tahe ba sanarwa? Mi ya hwaru?"

Na ce lafiya lau, Turawa ne ke son ganin kanwarsa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya tashi ya jera mani buhuna, ya gaya mani wacce ta zo daga ina, duk ta Maraɗi suke biyowa. Ya gyara riga ya tsaya a gefe don ya fito a hoto. Na ɗauka. Sannan na ce ya nuna mani inda yake daka.

"Turmin shina wurin maƙwabci, ya ara. Zo mu tahi ki gani."

Turmin na san shi tun ina yarinya. Na ƙarfe ne, Baba ya sa maƙeri ya yanko mashi daga wata tsohuwar tukunyar gas, taɓaryar kuma sandar mota ce. Muka zagaya bayan rumfa. Maƙwabcin ɗan gwangwan ne, mai sayen tsoffin kayan mota. Filinsa cike da batura da lagireto da tulin salansa masu tsatsa. Yana zaune ya sa turmin Baba a tsakanin ƙafafunsa, yana dakan wani abu mai launin toka, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ƙura tana tashi tana sauka a gemunsa.

Na gaishe shi, na ce mene ne wannan. Ya faɗi sunan da kanikawa ke kiransa, sunan taliyar nan ta leda da yara ke so. Ya ce a cikin tumbin salansa ake ciro shi. Motar da duk ta tsallako daga can, ko wadda ta mutu a hanya, kafin mai ita ya ankara an farke tumbin an zare. Masu saye daga Kano suke zuwa, kuma gari suke so, shi ya sa yake dakawa.

"Sun ce akwai wani ƙarhe a ciki mai daraja. Ni dai Hajiya shekara uku ina daka, ban taɓa ganinshi da idona ba."

Ni na san ƙarfen. Ana shafa shi a saƙar nan ne don ya ƙone hayaƙin mota kafin ya fita. Faladiyam ne, shi da 'yan'uwansa. Na nemi wata tsohuwar taya na zauna. Innalillahi! Ga binciken Farfesa na albarkatun ƙasarmu, a gemun ɗan gwangwan.

Na ja Yaya muka koma rumfa.

"Yaya, tun yaushe kake ba shi aron turmin nan?"

"Tun da ya zo."

"In ya maido kana wankewa?"

"Ana kaɗe shi dai."

"Ana kaɗewa! Yaya, ana kaɗewa ka ce?"

"To ke Auta, maƙwabci ya zo aron turmi, in ce mashi mi? In hana shi? Baba ya taɓa hana wani?"

Nan na sauke mashi duk abin da ke cikina, kuma rabin faɗan ba nasa ba ne. Na ce dattin hayaƙin mota ne yake dakawa a ciki. Na ce ni da 'ya'yana mun sha shi a miyar kuɓewa shekara uku. Na nuna mashi matan ƙauyukan Daddara da Riko da ke tsugune suna jiran a auna masu, na ce waɗannan kunun jego za su dama da garin nan, mace ta haihu jiya a ba ta cikin salansa ta sha. Yaya ya juya. Ya dubi matan, ya dubi kwanon garin. Ya ɗauke kwanon ya kai bayan rumfa ya kife, ya dawo ya ba su haƙuri, ya ce yau sai dai dunƙule, kowa ta daka a gida.

Kafin azahar ya aika wa maƙwabcin cewa ya riƙe turmin, ya bar mashi har abada. Turmin Baba fa. Na ga idonsa ya kawo ruwa lokacin da yake faɗa, amma bai fasa ba. Ya tafi wurin maƙeri ya ce a yi mashi sabo. Mutumin da bai san mene ne kabon ba, magana ɗaya aka gaya mashi ya gyara aikinsa a yini guda.

Ni ce ban gyara da wuri ba. A mota ina komawa, wayata a hannu, ina duba hotunan. Buhuna ne kawai da Yaya yana murmushi, turmi bai fito ba. Wa zai sani in ban faɗa ba? Yaya bai san abin da ake yi da kanwar a lab ba, ɗan gwangwan bai san ni ba. Kwana huɗu ina yawo da maganar a ciki. A na biyar na ɗauko dunƙulen ungurnu da na taho da shi daga buhun Yaya, na daka da hannuna a sabon turmin tangaran na lab, na haɗa kwalba biyu, ɗaya da shi, ɗaya da tsohon garin. Ta tsohon gari ta yi fari tas. Ta dunƙule tana nan yadda na zuba ta. Na rubuta komai a littafin lab, har da turmi da salansa, na ɗauka na kai wa Farfesa.

Ya karanta. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Kai ne shugaba."

"Madalla. Takarda ta riga ta yi nisa, Hajiya. Wannan gwaji ɗaya ne, kuma ke ba ki da horon da za ki yanke hukunci a kansa. Ki bar mani littafin in duba."

Na bar mashi. Wautar da na yi ke nan, ban ko ɗauki hoton shafin ba. Ban ƙara ganin littafin nan ba.

Takarda ta fito da suna huɗu. Aka yi walima a sashe, aka kira 'yan jarida, Farfesa ya sa sabuwar shadda ya riƙe dunƙulen kanwa a sama ana ɗaukarsa hoto. Dunƙule fa, wanda ni da shi muka san ba ya komai. Ni aka sa in jera kujeru. Wani daga masu gyaɗa kai ya zo yana ce mani in yi haƙuri, wai ƙa'idar mujallar ce ba a sa ma'aikata. Mtsw. Na ce ya matsa in wuce da kujera.

Abin da Farfesa bai lissafa ba shi ne gari yana ƙarewa. Tsohon garin ya ƙare. Wanda Yaya ya aiko daga sabon turmi, tsabtatacce, ko motsi ba ya sa kwalba ta yi. Ana haka wasiƙu suka fara zuwa daga waje. Wasu masu bincike sun gwada da kanwar da suka samu ba su ga komai ba, suna roƙon a aiko masu da samfurin ta Jibiya. Masu mujallar ma suka rubuto. Rannan da safe Farfesa ya kira ni, ya ce in shirya, za mu Jibiya. Hanyar ta sami tsaro ke nan.

Muka isa a jif ɗinsa. Yaya ya rasa inda zai sa kansa don murna, Farfesa guda a rumfarsa. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya aika aka kawo fura. Ya jawo sabon turmin yana nunawa.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ta yi mani hwaɗa, kuma ta yi gaskiya. Wanga ba abin da ke shiga cikinshi sai kanwa. Ko uwata ta taso aro ba ni ba ta."

Farfesa ya yi murmushin dole. Ya kurɓi fura. Ya yi gyaran murya, ya rage sauti, ya ce, "Alhaji, shi tsohon turmin fa, yana ina?"

Na ji shi da kunnena. Mutumin da ya ce ba ni da horon yanke hukunci, ashe tun ranar ya yarda da hukuncin nawa. Ya sani sarai. Ba gaskiya ya zo nema ba, turmi ya zo nema, ya kai birni ya ci gaba da dakan ƙarya.

Yaya ya kai shi bayan rumfa, ina biye. Farfesa ya tattare shadda ya ratsa tsakanin batura. Ya gaishe da ɗan gwangwan da ladabin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya ce jami'a tana tara kayan tarihi na sana'o'in gargajiya, tana son turmin nan. Ɗan gwangwan ya dube shi, ya dubi jif ɗin da ke bakin titi, ya dubi turmin. Shi fa ɗan boda ne, tun yana yaro yake ganin masu wayo.

"Farfesa guda ya taso tun daga birni don tukunyar gas? A'a, ranka ya daɗe. In dai haka ne akwai abin da ke cikinta." Ya kife turmin ya hau kai ya zauna.

Wallahi da ina da ƙarfin hali da na ɗauki hoto. Farfesa a tsugune a cikin tsatsa, gefen shaddarsa a cikin baƙin mai, yana lallashin mai gwangwan ya tashi daga kan turmi. Da ya ga ba ci, sai na ga idonsa ya koma kan buhun garin salansar da ke jingine. Ya miƙa hannu ya ɗan taɓa da yatsa. Na san abin da yake lissafawa, ɗan kaɗan ne za a barbaɗa.

Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ranka ya daɗe, in ka zuba garin nan a samfurin da za ka aika wa masu binciken waje, abin da za su fara yi shi ne su sa shi a injin gano ƙarfe. Su suna da shi. Su kuma ba sa cewa tunanin nasu ne su kaɗai."

Ya janye yatsan. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, bai dube ni ba. Bai yi wa Yaya sallama ba. Ya shiga jif ya ce wa direba su tafi, aka bar ni tsaye a bakin titin Magama da jakata a cikin but ɗinsu. Yaya ya ce, "Auta, mi muka yi mashi?" Na ce ba komai, furar ce ba ta karɓe shi ba.

Da na koma aiki na tarar an mayar da ni lab ɗin 'yan aji ɗaya, inda ba a komai sai auna gishiri da ruwa. Na yi ƙorafi a rubuce, aka ce in kawo shaida. Shaidata tana littafin da ke hannun wanda nake ƙara. Masu gyaɗa kai suka ce su ba su taɓa jin wata maganar turmi ba. Na yarda da su, ai ba da kunne suke aiki ba.

Bayan wasu watanni ina Jibiya hutun Sallah, ina zaune a rumfar Yaya ina taya shi ƙulla kanwa a leda, sai wata abokiyar aikina ta turo mani saƙo a waya. Mujallar ta janye takardar, ga sanarwar. Na buɗe. Gajera ce, ba ta kai rabin shafi ba. Marubutan huɗu suna baƙin cikin sanar da cewa an gano gurɓata a samfurinsu. Sun ce laifin daga ma'aikaciyar lab ne wadda ta samo kanwar ta kuma sarrafa ta, ba ta bi ƙa'idar tsabta ba, ba ta kuma sanar da su ba. Sai ga sunana. Cikakke, nawa da na mahaifina, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Duk wanda zan nemi gurbin digiri a wurinsa, in ya buga sunana a intanet, abin da zai fara gani ke nan, kuma shi kaɗai ne.

Ban san na daɗe ina kallon wayar ba sai da Yaya ya leƙo ta kafaɗata. Ba ya karanta Turanci, amma ya san zanen sunan Baba a boko, don yana jikin allon rumfar. Ya sa yatsa a kai.

"Wanga ba sunan Baba ba ne? Auta! Takardar Turawan ce ta hito?"

Ina neman ta inda zan fara yi mashi bayani. Shi kuwa ya riga ya karɓe wayar, ya yi waje yana kiran maƙwabta, mai shayi, masu canji, har ɗan gwangwan. Yana ta faɗin ku zo ku gani, sunan mahaifinmu ya shiga littafin Turawa, ƙanwata ce ta kai shi. Aka yi ta yi mani barka. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi mani addu'a, na shafa.

Washegari ya je shagon masu kwamfuta aka buga mashi ita a takarda, aka liƙe ta a leda mai tauri, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan kafin a liƙe. Ya rataye ta a ƙusa a saman buhunan ungurnu, inda duk mai shigowa zai gani. Ya sha ce mani wata rana in zauna in fassara mashi ita kalma-kalma, ina ce mashi sai na sami lokaci. Duk safiya in ya buɗe rumfa sai ya goge ta da hannun riga.